An Naɗa Maka Rawani, Saura Jarrabawa

Kibiya,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya a makaranta. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya raba ka da abin da zai sa ka sunkuyar da kai. Innarka tana gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, an yanke dawa, akuya ta haihu, sauran ka ji a waya. Na zaɓi in rubuta ne saboda in na kira ka zan yi faɗa, in na yi faɗa kuma za ka ce "to Baba, to Baba" har mu rabu, ba abin da ya shiga kunnenka. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ranar Asabar bayan la'asar ina zaune a teburin Tanimu mai shayi, sai ga Ado direba, wanda yake jigilar Rano zuwa Kano. Tun daga nesa ya dunƙule hannu yana jinjina.

"Baban Garkuwa! Ranka ya daɗe, baban Garkuwa!"

Na waiwaya in ga wa yake bayana. Bango ne.

"Kai Ado, wane Garkuwa?"

"Haba Malam, da mu za a yi wannan? Duk tashar Rano an gani, har masu ƙosai."

Ya zaro waya ya ɗora mini a tafin hannu. Na ga wani babban ɗakin taro cike da ɗalibai, na gan ka a tsakiya kan darduma cikin wata babbar riga da ban san ta ba, ana naɗa maka rawani. Wai ƙungiyar ɗaliban Rano da Kibiya ce ta karrama ka da sarautar Garkuwan Ɗalibai. Wani yaro riƙe da lasifika yana zayyana ayyukanka. Ya ce kai kake zuwa tasha duk mako ka karɓo saƙon da iyaye suke aikowa, ka bi ɗaki ɗaki kana rabawa. Ya ce duk baƙon ɗalibin da ya sauka bai san kowa ba, katifarka ce masaukinsa. Ba zan ɓoye maka ba, har nan ƙirjina buɗewa yake yi. Ina ta gyaɗa kai, Tanimu yana leƙowa ta kafaɗata. Sai yaron ya ƙara murya ya ce:

"Wannan bawan Allah, ranar da zai rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe, yana asibiti yana jinyar ɗan'uwanmu da ya faɗi a babur. Ya sadaukar da shekara guda ta karatunsa saboda mu!"

Ɗakin ya ɗauki kabbara da tafi. Kai kuma ka sunkuyar da kai kana murmushi.

Nafi'u, shekarar nan da ka ce mini yajin aikin malamai ne ya cinye ta.

Ban san lokacin da kofin shayi ya kife a cinyata ba. Ado ya dubi fuskata ya ce, "Malam kuka kake? Ai abin kuka ne wallahi. Allah ya ba mu irin naka." Duk teburin suka amsa da amin. Sun zaci farin ciki ne ya kama ni. Ashe asarar shekarar ɗana abin faɗa ce a lasifika, har a tafa mata, ni ubansa sai a bakin direba zan ji.

Ban gama farfaɗowa ba na lura da hannun da yake naɗin. Na ce wa Ado ya mayar da bidiyon baya. Ya mayar. Alhaji Garba ne, babban baƙon taron. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari, amma ko a duhu na san yadda yake karkata wuya in yana abu da hannu. A nan na miƙa wa Ado wayarsa, na tashi na bar takalmina ɗaya a ƙarƙashin benci, sai da Tanimu ya biyo ni da shi.

Ka san ban gama jami'a ba, duk Kibiya an sani. Abin da ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba shi ne yadda abin ya bi, saboda ba na son maganar. Yau dole ta sa.

Lokacin da na shiga jami'a daga Tarai, 'yan yankinmu da ke can ba su cika benci biyu ba. Na riga yawancinsu zuwa, na fi su sanin gari, Turanci kuma yana zauna mini a baki. Duk wanda ya sauka, sunana aka ba shi daga gida. Ni ne mai tarbo, ni ne mai nuna ofis, ni ne mai raka wanda zazzaɓi ya kayar. Kuma ina jin daɗin abin, kada in yi maka ƙarya. In aka buga ƙofata ana "ina Malam Sabo, ina Malam Sabo," sai in ji kamar makarantar ba za ta kwana ba sai da ni. Kuskurena na farko ke nan. Na ɗauka wanda ake fara kira shi ne wanda aka fi so. Ba haka ba ne. Ana fara kiran wanda ba ya cewa a'a. Ka gwada da kanka. Ka ƙi ɗaga waya yini guda, za ka ga saƙon ya isa, mara lafiya ya samu mai raka shi, rana ta faɗi yadda ta saba. Akwai masu iyawa da yawa a cikinsu, kai ne ka hana su koya.

A shekarata ta ƙarshe, ana tsakiyar jarrabawa, cikin Garba ya murɗe. Ɗakinmu ɗaya da shi. Na goya shi har bakin titi, aka yi masa aiki, na zauna a kansa ina juya shi, ina zubar da tasa, ina dama masa kunu. Takarda biyu ta wuce ni. Da ya warke muka je ofis tare. Shi ya miƙa shaidar likita, aka ce Allah ya ƙara sauƙi, aka sa masa ranar da zai rubuta tasa. Aka juyo kaina aka ce ina tawa shaidar. Na ce ni na yi jinyarsa. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ne ba ka da lafiya?" Na ce a'a. Ya ce to ba abin da zai iya yi.

Ka riƙe wannan da kyau, don ya faɗa maka ba ka gane ba. Makaranta ta san uzurin mara lafiya, ba ta san uzurin mai jinya ba. Wanda ke kwance yana da takarda, wanda ke tsaye a kansa ba shi da komai sai godiya. Ban ce ka tsallake mutum yana zubar da jini a titi ba, ban haife ka don haka ba. Ka ɗauke shi, ka kai shi, ka damƙa shi a hannun likita, ka kira danginsa, ka aje wani a kansa wanda ba shi da jarrabawa ranar, sannan ka ruga aji. Da ni da kai duk mun yi na farkon, mun kasa na ƙarshen, saboda zama a bakin gado ana ganinmu ya fi mana daɗi a kan zama a aji inda ba mai gani.

An ba ni damar maimaitawa, kamar yadda aka ba ka. To a farkon wannan shekarar ce 'yan yankinmu suka haɗu suka naɗa mini rawani, suka ce ni ne Uban Ɗalibai. Garba ne ya naɗa, don shi ya fi kowa cancanta ya gode mini. Ya riga ya gama, ya dawo musamman saboda taron. Ka ga abin da ya sa na bar takalmi a wurin Tanimu. Hannun nan dai, kan ne kawai ya canja.

Kuskurena na biyu shi ne na ɗauki rawanin a matsayin ladan abin da na riga na yi. Ashe kafin alƙalami ne na abin da za a nema nan gaba. Kafin naɗin, in na taimaki mutum sai ya ce na kyauta. Bayan naɗin, in ban taimaka ba sai a ce, "Uban Ɗalibai guda?" Abin da nake yi don Allah ya koma aikin da ake bina. Shekarar maimaicin ta tafi a rakiyar gawa, sasanta rigima, da shirya taron gida. Na shiga jarrabawa da kai fanko, na fito da shi fanko. Aka sallame ni. Na dawo da akwati da rawani, na koma kan takardar malanta da nake da ita tun da, na koyar a firamaren Tarai, aka mayar da ni firamaren Saji, har na yi ritaya. Waɗanda na goya suka wuce. Ba wanda ya cuce ni, shi ne abin da ya fi ci mini rai, don da akwai wanda zan tsine wa da na samu sauƙi. Garba har yau in ya gan ni a wurin ɗaurin aure sai ya riƙe hannuna ya ɗaga ya ce, "Jama'a, wannan shi ya ceci raina." A sake yi mini tafi. Ya shiga motarsa, ni in nemi ɗan acaɓa.

Kana son sanin inda rawanin yake? Innarka ta same shi a ƙasan akwati shekarar da aka haifi yayarka Binta. Ta ga yadin sakayau ne, ta tambaye ni, na ce ta yi abin da ta ga dama. Ta yayyanka shi ta yi matacin gasara. Duk kokon da kuka sha kuna yara, da sarautata aka tace shi. Amfanin da na gani a jikinsa ke nan, kuma ba laifi, ya yi ƙarko.

Da na dawo gida ranar Asabar, innarka tana tsakar gida tana tsince wake. Na ce mata, "Kin san yaron nan ba yajin aiki ne ya riƙe shi ba?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da abin ya faru. Har ni na aika wa yaron da ya karye man shanu."

Na ce, "Wato gidan nan kowa ya sani sai mai gidan."

Sai ta aje farantin ta ce, "Malam, wa ya isa ya tunkare ka da wannan? Kai da ko kaza aka ce ta yi ƙwai a gidan maƙwabta sai ka tara mu ka yi mana lacca a kan butulcin jama'a. Yaro tun yana rarrafe yake jin kana cewa mai yi wa mutane hidima wawa ne. Ya tashi ya ga halinsa irin naka ne. Ya zo ya ce maka Baba ga wawa na biyu?"

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado har aka kira magariba.

Wannan shi ne kuskurena na uku, kuma kai ya fi shafa. Ranar da na dawo daga jami'a na rantse ba zan sake ɗaukar kayan kowa ba. Na riƙe rantsuwar. An nemi in yi sakataren kwamitin masallaci na ƙi, an nemi in shiga maganar rijiyar unguwa na ƙi. Na zaci ina yi maka rigakafi da zafin bakina. Ashe koya maka ɓoyo nake yi. Da na gaya maka labarin nan tun kana sakandare yadda ya faru, ba zagi, da ranar da yaron ya faɗi a babur ka san abin yi, ko ka kira ni ka tambaya. Ƙaryar yajin aiki taka ce, ban wanke ka ba, kuma ta yi mini ciwo fiye da shekarar. Amma ni na gina katangar da ka laɓe a bayanta. In Allah ya ba ka ɗa, kada ka ba shi ɗacin abu ka hana shi labarinsa.

Jiya na hau babur zuwa tashar Rano da niyyar in ja wa direbobi kunne, kada wanda ya sake ɗaukar saƙo da sunanka. Na shirya maganata tun daga gida. Da na isa, Ado yana ɗaure kaya a bayan mota. Na tsaya ina duba. Buhun garin ɗanwake, galan na man gyaɗa, robar yaji, ƙullin daddawa, ƙuli-ƙuli, kuka, har da tabarma. A jikin kowanne an rubuta da baƙin alƙalami, "A ba Nafi'u," ga lambar wayarka a ƙasa, sunan mai kayan kuma can gefe da ƙananan baƙaƙe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin sunan da na raɗa maka an rubuta shi da yawa haka ba. Na dafa motar. Wannan duka a wuyan mutum ɗaya, mai jarrabawa a gabansa?

Na buɗe baki zan fara, sai wata mata ta taso daga kan benci. Dattijuwa ce daga Rurum, da ƙwarya a hannu. Ado ya nuna ni ya ce mata, "Iya, ga baban nasa." Kafin in ankara ta durƙusa a ƙasan tashar nan mai baƙin mai.

"Malam, kai ka haifi Nafi'u? Ni ce uwar Sale, wanda ya karye. Ba ni da kowa a Kano, ban san hanyar asibitin ba. Da ba don ɗanka ba da an yanke ƙafar nan. Yanzu da ita yake zuwa aji."

Na ce, "Tashi, Iya, tashi don Allah, mutane suna kallo."

Ta ce, "Su kalla." Ta tura mini ƙwaryar. Ƙwan zabi ne a cikin ƙaiƙayi. Ta ce ta kawo ne a kai maka, amma tunda ga tushe, in karɓa.

Nafi'u, a nan na fasa maganar da na shirya. In na ce kada a sake ɗaukar saƙo, garin matar nan ina zai bi ya kai ga ɗanta? Ita ba ta san wani ofis ba, ba ta san wata ƙungiya ba, sunanka kawai ta sani. Na tsaya riƙe da ƙwarya kamar wanda aka dasa. Shekara da shekaru ina cewa abin da na yi a jami'a wauta ce daga farko har ƙarshe. Jiya na ga ba duka ba ne. Aikin na kirki ne. Wautar ita ce mutum ɗaya ya rungume shi har ya kasa nasa.

To ga inda muke. Innarka ta gaya mini kwas ɗaya ya rage maka, jarrabawar tana nan tafe bayan 'yan makonni, kuma wannan ce damar ƙarshe, in ta wuce sallama ce. Ni na san kalar wannan sallamar, na san nauyin akwati a kan hanyar dawowa. Ado ya kuma tsegunta mini cewa ƙungiyarku tana shirin kawo ka gida da rawani a yi taro a Rano kafin jarrabawar, a zagaya da kai gidajen manya. Ban yarda ba. Ka gaya musu Baba ya hana, ka ɗora laifin a kaina, na saba. Duk wanda ya ce maka "Garkuwa guda?" ka ce masa Garkuwa yana da jarrabawa.

Saƙo kuma ba zai tsaya ba. Na gama magana da Ado. Daga jibi Juma'a, duk ranar da motar saƙo za ta tashi, ni zan zauna a gaba kusa da shi. Zan sauka da kayan a ƙofar makarantarku, in shimfiɗa buhu a inuwa, kowa ya zo ya karɓi nasa. Wanda ba zai iya takowa daga ɗakinsa zuwa ƙofa ba, ba ya jin yunwa. Zan zaɓi biyu ko uku cikin masu tafin nan in koya musu aikin, ko suna so ko ba sa so, don in ka gama kada a nemi wani ɗan a ɗora masa shi kaɗai. Da Ado ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, ba kai ka rantse ba?" Na ce masa ya kula da tuƙinsa, kaffara tawa ce ba tasa ba.

Abin da nake so daga gare ka kaɗan ne. Ranar Juma'a ka zo ƙofa sau ɗaya. Ka cire layin wayarka, wanda aka rubuta a jikin buhuna, ka ba ni in sa a tawa. Na sayi sabo zan ba ka, ni da innarka kaɗai muka san lambarsa. Duk mai neman Garkuwa daga nan har ka fito jarrabawa, tsohon Uban Ɗalibai zai samu, kuma za su gane bambancin. Bayan wannan, in na sake ganin ƙeyarka a bakin ƙofar nan kana taɓa buhu, a gaban abokanka zan kore ka da sanda, da sarautarka da komai.

Ka zo mini da rawanin a leda. Zan aje shi a akwatina. Jiya na sa Ado ya sake nuna mini bidiyon a mota, na kalla da kyau, naɗin a karkace yake. Garba bai taɓa iya naɗi ba, nawa ma haka ya yi shi. Ranar da ka fito ka ce mini ka ci, ni zan naɗa maka shi da hannuna a tsakar gida, daidai, in kira Tanimu da matar nan ta Rurum su gani. In kuwa ka bari abin ya wuce ka, innarka ta ce in gaya maka matacinta ya tsufa.

Allah ya buɗe maka ƙwaƙwalwa, ya sa abin da ka karanta ya zauna, ya tsare ka daga ciwo da hatsari da yabon da zai rufe maka ido. Allah ya dawo mana da kai lafiya da abin da ka je nema. Na yafe maka maganar yajin aiki, kai ma ka yafe mini nawa. Ado zai ba ka wannan gobe, tare da ƙwan zabin, rabi na cire wa innarka. Sai na gan ka a ƙofa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sabo Tarai